Kama da Wane

A takarda, da haruffan boko, kalmomin nan biyu ba su da maraba: kama, kama. Sai an furta su kunne ke raba su. Ɗaya ana jan gaɓarta ta farko, ita ce ta ɗan sanda da maharbi da masunci: a kama ɓarawo, a kama zomo, a kama kifi. Ɗayar gajeriya ce, ita ce ta ungozoma da 'yan barka: yaron nan ya yi kama da kakansa. Babu Bahaushen da ke rikita su a baki, ko yaron da bai fara zuwa makarantar allo ba ya san wacce ake nufi. Amma na daɗe ina lura da yadda a tasha da tsakiyar kasuwa da ofishin 'yan sanda gajeriyar ke jawo doguwar. A ce mutum ya yi kama da wane, kafin a ankara an kama shi.

Gajeriyar a cikin gida ta girma, kuma can ta fi daɗin ji. Ranar suna mata sun kewaye jinjirin kwana bakwai, fuskar da ba ta gama zama ba, kowacce na neman nata a ciki. Gwaggo ta ce wannan hancin namu ne, babu tantama. Inna ta ce to a bar mata goshin, na gidansu ne. Wata daga bakin ƙofa ta ce ku daina wahala, uban ne ya yi kaki ya tofar. In wa da ƙane ne suka shigo tare, a ce kamar an tsaga kara. Babu mai auna komai, babu mai neman hujja, kuma babu wanda zai cutu in an yi kuskure. Neman kama a ɗakin mai jego hanya ce ta cewa yaron nan namu ne.

Kalmomi da yawa sun tsiro daga nan. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, ko fushi ya hau kansa, sai a ce ya fita kamanninsa, wato akwai wata fuska da aka san shi da ita, yau ba ta nan. Mai gudun a gane shi yakan ɓad da kama, ya ja rawani ya yi amawali, ko ya aske gemun da aka san shi da shi. Akwai kuma kamantawa, wadda nake ganin ta fi sauran kyau. In talakawa suka ce hakiminsu ko alƙalinsu yana kamantawa, yabo ne babba, kuma yabo ne mai tsoron Allah: ba su ce ya cika adalci ba, domin cikawa ba ta ɗan Adam ba ce, sun dai ce aikinsa ya yi kusa da shi. Sai ƙaramarsu, kamar, wadda muke jefawa a zance ba adadi ba tare da mun kula da ita ba. Kamar na san ka. Kamar shi ne. Kamar jiya aka yi. Ita ce ke bai wa mai magana damar faɗin abin da ya gani ba tare da ya ɗauki rantsuwa a kai ba. A bayan su duka karin maganar nan ce tsaye, wadda kowa ya haddace amma ba kowa ke tuna ta ranar da ake buƙatarta ba: kama da wane ba wane ba ne.

Abin da ya sa nake ta jujjuya wannan kalma wani akwati ne na katako da 'yan sandan Amurka suka fara aiki da shi a 1959. Sunansa Identikit, kuma Hugh McDonald, wani jami'in bincike a Los Angeles, shi ya fito da shi. A cikinsa akwai ɗaruruwan fallayen roba garai-garai, ana hango abin da ke bayansu. Kowane falle an zana abu guda a kansa da baƙin layi: wannan haɓa ce kaɗai, wancan gira, wancan leɓe, wancan gashin kai. Mai shaida zai zauna, jami'i ya tambaye shi siffar wanda ya gani, sannan ya fara ɗora fallayen ɗaya bisa ɗaya. A sa haɓa, a ɗora baki, a ɗora hanci. Mai shaida ya duba ya ce idon ya yi girma, a zare wannan falle a sa wani. A haka har fuska ta fito tana kallon su biyun. Kowane falle da lambarsa, saboda haka ana iya karanta fuskar mutum ta wayar tarho a matsayin jerin lambobi, wani jami'i a wani gari ya buɗe nasa akwatin ya sake haɗa ta.

Tunanin ya girmi akwatin. Tun wajen 1880 Alphonse Bertillon, ma'aikaci a ofishin 'yan sandan Paris, ya shiga auna fursunoni, tsawon kai da faɗinsa, tsawon kunne, tsawon yatsa, ya kuma tsara wasu kalmomi na musamman na siffanta hanci da goshi da kunne, domin ɗan sanda ya iya faɗin fuska da baki wani ya gane ta. Faransawa suka kira abin hoto mai magana. Akwatin McDonald ya juya al'amarin ne kawai: maimakon hoto ya zama magana, magana ce za ta koma hoto.

Ya kuwa yi farin jini da wuri. A watan Maris na 1961 aka kashe wata mata mai suna Elsie Batten a wani shagon sayar da kayan tarihi a Landan. Wani sajan, Raymond Dagg, ya zauna da mutanen da suka ga wani saurayi yana kai-kawo a wurin, ya haɗa fuska da fallayen nan, aka raba wa 'yan sanda. Cikin 'yan kwanaki wani kurtu da ke sintiri ya ga Edwin Bush a titi ya tsayar da shi. Zanen yatsunsa da amsa laifin da ya yi su suka tabbatar da tuhumar, aka rataye shi a watan Yulin shekarar. Jaridu suka ɗauki akwatin suka kai shi sama. A 1970 Ingila ta koma ga wani sabo, Photofit, na Jacques Penry, wanda ya maye gurbin zane da yankakkun hotunan mutane na gaske: goshin wani, idon wani, bakin wani, a jera su cikin firam. Shi Penry ya yi imani cewa ana karanta halin mutum a fuskarsa, har littafi ya rubuta a kai. Mu ma muna da irin wannan, mukan ce wane idon ɓarayi gare shi, ko fuskarsa ba ta marasa gaskiya ba ce. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, amma su labarin baƙin ciki da murna suke nufi, wanda ke sauka a fuska ya tashi. Tsawon hanci bai taɓa ba da labarin zuciyar kowa ba.

Yanzu a ɗauko akwatin nan a zuci a ajiye shi a Jega. Wani dattijo ya sayar da albasarsa a Aliero, kuɗin na cikin aljihun 'yar shara, ya kamo hanya bayan magariba. Mutum biyu a kan babur suka sha gabansa. Abin bai ɗauki lokacin da za a sha ruwa a moɗa ba. Da safe ga shi a kan benci gaban mai rubuta bayani.

"Baba, wanda ya riƙe ka ɗin, yaya kamanninsa?"

"Baƙi na, ranka shi daɗe, amma ba ƙirin ba. Dogo na, bai da jiki. Da jar hula."

"Hancinsa fa? Idonsa?"

Dattijo ya yi shiru, ya dubi ƙasa, ya ɗaga hannu kamar zai zana wani abu a iska ya fasa. Can ya ce, "Wallahi ɗana ban iya hwaɗi. Amma in nig gane shi, ko cikin dubu ina shaida shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk matsalar akwatin tana cikin wannan amsa. A bakin mutanen wannan yanki, daga Sakkwato har Gwandu da Jega, "na gane shi" na iya nufin na gan shi da ido kawai, inda Bakano zai ji ta da ma'anar na shaida shi. Dattijon yana da tabbacin cewa in ganin ya samu, shaidawar za ta biyo. Abin da ba shi da shi shi ne hanyar fito da fuskar ta baki, gaɓa-gaɓa. Ido ba ya karɓar fuska a rarrabe, ɗungurungum yake ɗaukarta, da tazarar da ke tsakanin ido da ido, da yadda baki ke motsi, da wani abu da ba shi da suna. Mutum ya gwada siffanta hancin mahaifiyarsa, wadda zai tsinto daga bayanta a cikin taron Idi, ya ji yadda harshe ke sarƙewa.

Ba wai Hausa ta rasa kalmomin fuska ba. Muna da wankan tarwaɗa, da fari sol, da baƙi ƙirin. Muna da dara-daran idanu da mitsi-mitsi, da wushirya da giɓi, da saje da ƙasumba da sanƙo, da hanci har baka, da tabon salla a goshi. Sai dai in aka duba inda kalmomin nan suka fi zama, za a tarar a wurare biyu ne: bakin saurayi mai yabon budurwa, da bakin maroƙi mai zambo. Kyakkyawa tana da kalmomi, mai abin dariya a fuska yana da nasa. Fuskar da ke tsakani, wadda ita ce ta yawancin bayin Allah kuma ita ce ta yawancin ɓarayi, ba a tanadar mata komai ba sai "ba laifi" da "daidai misali".

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun bi diddigin wannan. A jami'ar Aberdeen ta Scotland an gwada Photofit shekara da shekaru, aka tarar ko da mutumin yana zaune a gaban mai haɗawa, hoton da ke fitowa sau da yawa ba ya kama da shi sosai. Sun kuma lura da wani abu da ya shafe mu kai tsaye: fuskar wanda ka sani, da ido da hanci da baki kake riƙe ta, amma baƙuwar fuska da kewayenta kake tuna ta, gashin kai da fasalin kan. To a ƙasar nan kewayen fuska shi ne abin da muke rufewa. Hula ta ɗauke gashi, rawani ya ɗauke haɓa da kunne, hijabi ya ɗauke duka. Shi ya sa dattijon ya tuna jar hula, abin da ɓarawon zai iya jefawa cikin gulbi kafin ya kai gida. A 1990 kuma Jonathan Schooler da abokiyar aikinsa suka nuna wa mutane hoton bidiyo na fashi a banki. Wasu aka sa su rubuta siffar ɗan fashin, wasu ba a sa su ba. Da aka kawo hotuna a zaɓa, waɗanda suka siffanta shi su suka fi kuskure. Kalmomin da mutum ya furta sukan hau kan abin da ya gani su danne shi, ya koma neman wanda ya dace da maganarsa.

Aliero ta yi suna da masu ɗori kamar yadda ta yi suna da albasa, ana kawo musu karaya daga nesa. Mai ɗori yakan ja ƙashi ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, ƙashin ya kama ya warke, domin tun asali jiki ɗaya ne, rabuwa ce ta same shi. Mai akwatin shi ma ɗori yake yi, amma na gaɓoɓin da ba su taɓa zama a jiki ɗaya ba: goshin wani mutum, idon wani, haɓar na uku. Abin da ya fito fuska ce da ba a taɓa haifa ba. Ba ta kowa ba ce, shi ya sa take iya zama ta mutane da yawa.

Kakanninmu sun bi wata hanya daban, suka rubuta shaidar a kan fuskar kanta. Wanzami da askarsa, jinjiri na kan cinya, a yi masa zanen gidansu. Na Bakabe daban, na Bagobiri daban, na Bazamfare da Ba'are kowa da nasa, ga kuma bille da kalangu da 'yar baka. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi wannan ba ado kaɗai ba ne: yaron da aka sace zai iya girma a wata ƙasa, ya manta harshen uwarsa, kumatunsa na nan suna faɗin inda ya fito. Har a Firitawun ta Saliyo, malaman da ke rajistar bayin da aka ƙwato daga jiragen ruwa a ƙarni na 19 sukan kwatanta zanen fuskokinsu a cikin littafi. Wanda ya ƙera akwati a Los Angeles bai yi shi da Bakabe a zuciya ba, amma ɗan sandan Nijeriya ya daɗe da sanin amfanin zane, shi ya sa har yau sanarwar neman mutum takan ce yana da zane ko ba shi da shi. Yanzu abin na ƙarewa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro zane, malamai sun daɗe suna wa'azi a kai, iyaye ma sun daina so. A kasuwar Maiyama za ka ga tsoho da zanensa raɗau, jikansa na biye da kumatu sumul.

Sai dai zane bai taɓa cewa "wane ne" ba. Abin da yake cewa shi ne "irin su wane ne". Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma wa zai tsinto zabuwa ɗaya a cikin garke da zanen kaɗai? Ainihin shaidar mutum a ƙasar Hausa a wajen fuskarsa take. Jega, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19, ta zama babbar kasuwa da fatake ke sauka daga ƙasashe masu nisa, fuskokin da ba wanda ya taɓa gani. Ba a tambayar baƙo tsawon hancinsa. Ana tambayar baƙon wa ne, a gidan wa ya sauka, wane fatoma ko dillali ne zai tsaya masa. Har gobe in aka ce ana neman wani, tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne. Ko cigiya, da ake yi a rediyo ko da lasifika a tasha, ba ta daɗewa a kan fuska: yaro ne ɗan kimanin shekara bakwai, yana sanye da riga shuɗiya, yana jin Hausa da Fulatanci, sunan babansa wane, duk wanda ya gan shi ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa.

Ko ɓarayin ma ta haka aka san su. Marigayi Muhammadu Gambu, mutumin Fagada a ƙasar Maiyama, wanda duniya ta sani da mai waƙar ɓarayi kafin ya tuba ya bar ta, ya cika kunnen jama'a da mutanen dare. Mai sauraro ya san laƙabinsu, ya san garuruwansu, ya san taurin ransu da irin ɓarnar da ake jingina musu. Ɓarawon wancan zamani mutum ne mai suna da unguwa, wani lokaci har da makaɗi. Na yau yakan zo da fuska a naɗe, a kan babur marar lamba, daga dajin da ba a san wanda zai tsaya masa ba. Hanyar da muka gada ta gane mutum ba ta kai gare shi, hanyar akwatin ma ba ta kai ba, sai aka bar mutane da abu mafi sauƙi kuma mafi haɗari, wato irin su wane.

A zaurukan karatu akwai wata siffantawa da ta sha bamban da duk waɗannan. Almajiran da suka karanta Shama'il na Imam Tirmizi sun san yadda sahabbai suka siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun daga tsayinsa da gashinsa har tafiyarsa da murmushinsa. Hindu ɗan Abu Hala ya shahara da iya wannan. Amma su mutane ne da suka zauna da fuskar shekaru, da rana tsaka, cikin ƙauna, kuma ba wanda ya karanta don ya zana. Wanda aka tare da bindiga cikin duhu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idonsa ma a kan bakin bindigar yake.

Wadda ta fi koya mini yadda mai shaida ya kamata ya yi magana ita ce Bilkisu, a cikin Suratun Namli. An ɗauko gadon mulkinta daga ƙasarta, Annabi Sulaimanu ya sa aka sauya masa kama, sannan aka tambaye ta ko haka nata yake. Ga abu ya yi kama da nata ƙwarai, ga shi kuma ta baro nata a nesa cikin tsaro. Ba ta tabbatar ba, ba ta kuma musa ba, ta tsaya a kan kamar. Malaman tafsiri sun ƙirga wannan cikin alamun hankalinta. Abin da ke damuna da akwatin, da jerin mutanen da ake tsayarwa a ce wa mai shaida ya nuna, shi ne ba su da wurin ajiye wannan kamar ɗin. Falle ko dai a ɗora shi ko a zare shi. Yatsa ko ya nuna ko bai nuna ba. Mutum ya shiga da "kamar shi ne", takarda ta fito da "shi ne".

A 1984, a garin Burlington na jihar North Carolina, wani ya shiga ɗakin wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson da dare ya yi mata fyaɗe. Cikin wannan bala'i ta daure ta ƙare wa fuskarsa kallo da niyyar in ta rayu ta shaida shi. Ta zauna da 'yan sanda aka haɗa fuska, aka watsa, wani ya ce ta yi kama da Ronald Cotton, ma'aikacin wani gidan abinci. Ta nuna hotonsa, ta sake nuna shi a jeri, ta rantse a kotu, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Bayan 'yan shekaru aka kawo ainihin mai laifin, Bobby Poole, gabanta a kotu, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayar halitta ya wanke Cotton, bayan ya shafe fiye da shekara 10 a kurkuku. Matar nan ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan ne abin tsoron. Daga hoton haɗi zuwa hoton Cotton zuwa shi kansa a tsaye, kowane mataki ya goge fuskar da ta gani ya sa wata a gurbinta, tabbacinta kuma yana ƙaruwa. Su biyun daga baya sun yi sulhu, suka riƙa yawo tare suna faɗakarwa. A cikin mutanen da irin wannan gwaji ya fitar daga gidajen yarin Amurka, kusan bakwai cikin goma shaidar ido ce ta kai su.

Cotton ya samu kotu, ya samu lauya, ya samu ranar fita. A wurinmu sau da yawa kamar ba ta kaiwa ko ofishin 'yan sanda. Ihu ɗaya na "ɓarawo!" a kasuwa ya isa, wanda ya fi kama da mai gudu shi za a rufe da duka. A shekarun nan na 'yan bindiga kuwa, an wayi gari doguwar fuska da siririn jiki da sanda a kafaɗa sun zama tuhuma, makiyayin da shi ma aka kore masa shanu yana tsoron shiga kasuwar da kakansa ya ci. Can kudu kuma mu duka ne muke zama irin su wane. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa masu komawa gida hutun salla, aka ga bindigoginsu na farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Babu wanda ya ce ya ga ɗayansu ya sace kowa. Ina tuna Annabi Yusufu, lokacin da 'yan'uwansa suka roƙe shi ya riƙe ɗayansu a madadin ƙaninsu: ya nemi tsarin Allah daga riƙe wani in ba wanda aka sami kayan a wurinsa ba, ya kuma kira yin hakan zalunci. Ga su 'yan uba ɗaya, jini ɗaya, amma bai yarda wani ya zama wani ba.

Akwatin katakon ya daɗe da komawa gidan tarihi. Kwamfuta ta karɓi aikin, kuma sababbin manhajojin sun koyi darasi: suna nuna wa mai shaida fuskoki cikakku ya zaɓi waɗanda suka fi kusa, a haɗa su a sake nuna masa, ba a tilasta masa ya faɗi hanci shi kaɗai. Fuskokinmu ma sun shiga na'ura. Katin zaɓe mai hoto da na'urar tantance yatsa da aka yi aiki da su a 2015, lokacin da Farfesa Attahiru Jega ke shugabantar hukumar zaɓe, sun sa manomin Aliero da makiyayin Maiyama kowa ya tsaya gaban kyamara, na'urar da ta biyo baya kuma har fuska take dubawa. Ita ma na'urar kamantawa take yi, lissafin kusanci take fitarwa, mutum ne ke yanke inda kusa zai zama daidai. A waya kuwa hoto kan zaga WhatsApp da rubutu a ƙasansa, ga ɓarawon, ga mai kai wa 'yan bindiga labari, ya isa ƙauyuka goma kafin mai fuskar ya san ana nemansa.

Kotunan Nijeriya suna da wasu tambayoyi da suka ɗauko daga hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a shari'ar Turnbull a 1976, waɗanda ake so alƙali ya auna kafin ya ɗaure mutum da shaidar ido kaɗai. Tsawon wane lokaci ka gan shi? Daga wace tazara? Da wane haske? Akwai abin da ya tare maka gani? Ka san shi kafin ranar? Kwana nawa tsakanin ganin da nunawar? Abin da ka fara faɗa wa 'yan sanda ya dace da mutumin da ke tsaye a nan? Ba sai alƙali ba, mai unguwa na iya yin su, shugaban 'yan banga na iya yin su, sarkin tasha na iya yin su kafin a ɗaga sanda. In aka yi wa dattijon mai albasa su a natse, ba tare da an nuna masa ana jiran wata amsa ba, zai ce hasken fitilar babur ne, ita ma a idonsa aka haska ta, kuma bai taɓa ganin mutumin ba sai daren.